Likita Mila na Zariya: Baturen mishan da ya ɓata da masu mulki

A harabar Cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, yamma da birnin Zariya, akwai kabarin wani Bature wanda tsofaffin Zazzau ke kira Likita Mila. Sunansa Walter Richard Samuel Miller. An haife shi a Ingila a 1872, ya rasu a ƙasar Jos a 1952, bayan ya shafe kimanin rabin ƙarni yana hulɗa da Hausawa. Har yau ba a yi ittifaƙi a kansa ba: Kiristocin Hausa na ɗaukarsa uba, yayin da wasu masana tarihi Musulmi ke kallonsa a matsayin ɗan rakiyar mulkin mallaka. Kowane ɓangare na da hujjarsa.

Ya karanci aikin likita a asibitin St. Bartholomew na Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ta Libiya, inda fatake da maniyyata aikin Hajji ke yada zango, ya zauna a cikinsu yana koyon harshe. A nan ya haɗu da wani yaro Bahaushe, Abdulmajid Tafida, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa kuma abokin aikinsa.

A 1900 ya biyo ayarin Bishop Herbert Tugwell, su biyar, suka nufi Kano ba tare da gayyata ba. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu, saura kuma ciwo ya tarwatsa su. Mila ne ya nace. Zuwa 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Daga nan halinsa ya fara bayyana. Turawan mulki sun zaɓi su mallaki Arewa ta hannun sarakuna, kuma sharaɗin wannan tsari shi ne a kau da kai daga abubuwa da yawa. Mila ya ƙi kau da kai. Yana jin Hausa fiye da yawancin razdanoni, talakawa na shiga gidansa ba shamaki, saboda haka abin da ba ya isa kunnen Joji yana isa nasa: harajin da aka karɓa fiye da ƙa'ida, aikin tilas, cinikin bayi a ɓoye, da zaluncin dogarai da 'yan kore. Duk abin da ya ji sai ya rubuta wa hukuma. Lugga yana sauraronsa domin akwai abota tsakaninsu, amma gwamnonin da suka biyo baya sun ɗauke shi ƙaya a ƙafa, suna neman hanyar fitar da shi daga birni. A ganinsa, mai tsoron Allah ba ya ganin zalunci ya yi shiru don gudun ɓacin ran mai mulki, ko da kuwa mai mulkin ɗan ƙasarsu ne.

Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Mila mutum ne mai taurin kai, wanda ba ya yawan shakkar hukuncin da ya yanke. Ya zo ne domin ya juyar da Musulmi, bai taɓa ɓoye haka ba, kuma kalamansa a kan sarautar Fulani sun yi tsauri har sun wuce gona da iri. Ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma mawaƙi, wanda aka kai Lakwaja ya rasu a can. Mutanen Zazzau da yawa ba su yafe masa wannan ba. Abin da ko masu sukarsa ba su cika jingina masa ba shi ne neman abin duniya. Bai yi aure ba, bai tara dukiya ba, yaran da ya riƙa su ne iyalinsa.

Wa'azinsa bai sami karɓuwa sosai a birni ba. Waɗanda suka amsa masa da yawa 'ya'yan Isawa ne, wato mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan matsayin Annabi Isa. A 1913 wasu daga cikinsu suka nemo Mila, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Murna ba ta daɗe ba: ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, ya kashe mutane da yawa, ƙauyen ya watse. Mila ya kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantarsa ta Zariya.

A 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa Wusasa, matakin da shi kansa bai so ba. Ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi, fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da abokan aiki Hausawa da wasu ƙungiyoyin mishan. An buga cikakkiyar fassarar a 1932, kuma ita ce ta zama littafin ibada na majami'u daga Zariya har Filato da Adamawa, har ga kabilun da Hausa ba harshen uwa ba ne a gare su.

Daga makarantar da ya dasa aka sami John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Dokta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda daga baya ta zama NPC a hannun Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa da ya yi karatu a Wusasa, shi ya zama likitan Sardaunan, sa'an nan ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966.

Tsufa bai sanyaya bakin Mila ba. Bayan ya bar CMS ya koma Ingila na ɗan lokaci, amma zama ya gagare shi, ya dawo ya zauna a Bukuru yana koyarwa da rubutu. A 1947 ya fitar da littafi mai suna Have We Failed in Nigeria?, inda ya tuhumi gwamnatin ƙasarsa da barin cin hanci ya yi saiwa da kuma barin Arewa a baya wajen ilimi. Shekara 5 bayan haka ya rasu, aka ɗauko gawarsa aka binne a Wusasa, unguwar da ya ƙi komawa da ransa.