Marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Rayuwarsa da Matsayin Littattafansa

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya wurin masu sayar da littattafan Hausa, ko a Kasuwar Kurmi ta Kano, ko a Sabon Garin Zariya, ko a bakin masallacin Juma'a inda akan baza littattafai bisa tabarma, da wuya ya rasa ganin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja. Littattafai masu yawa sun fito bayansu, sun yi tashe na ɗan lokaci sun ɓace, su kuwa waɗannan sun haura shekara 80 ana sake buga su. Ɗan kasuwa ba ya ajiye hajar da ba ta fita, saboda haka daɗewarsu a hannunsa shaida ce cewa har yanzu ana nemansu.

Duk da haka akwai wata magana da takan taso tsakanin ɗaliban adabi, watau cewa mafi yawan labaran da ke cikin littattafan nan aro ne daga na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Wasu kan kafa hujja da wannan su rage wa marubucin daraja, wasu kuma su ƙi sauraron batun don ganin girmansa. Hanyar raba wannan gardama ita ce a dubi rayuwar mutumin, a ga irin aikin da aka ɗora masa da yadda ya yi shi.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja a yanzu. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, kuma asalin gidansu daga ƙasar Barno ne. A gida ya fara karatun allo da na littattafan addini, kamar yadda 'ya'yan malamai suka saba. Daga baya ya tafi Katsina, inda wansa Malam Bello Kagara yake koyarwa, ya shiga makarantar boko. A 1927 ya sami shiga Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce makaranta mafi girma a Arewa, ya gama a 1932. Da gamawarsa aka ba shi aikin koyar da Turanci a Midil ta Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Wannan tashi da ya yi tsakanin zaure da aji shi ne mabuɗin fahimtar ayyukansa. Ya iya karanta Larabci, ya iya Turanci, Hausa kuwa a bakinsa take. Mutanen da suka haɗa waɗannan uku a Arewa a farkon shekarun 1930 ba su da yawa.

Gasar 1933 da Ruwan Bagaja

A wancan zamani makarantun boko na fama da rashin abin karantawa cikin Hausar boko. Akwai waƙoƙi da wa'azi cikin ajami, akwai tatsuniyoyi a bakin tsofaffi, amma ƙagaggen labari mai tsawo da za a ba yaro ya karanta don nishaɗi babu shi. Don haka Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su gwada rubuta irin wannan littafi, aka shirya gasa a 1933. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin a ganin malamai da yawa alƙalami na ilmi ne, ƙirƙirar labari kuwa wasan mata da yara ne.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam yana da shekara 22 sa'ad da ya rubuta nasa. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa yana shirya wa ɗan'uwansa makirci. Masu nazari sun nuna alaƙar tsarin littafin da Maƙamat na Hariri, wanda almajiran zaure suka sani sarai. Amma barkwancin da ke ciki, da yadda ake zolaya, da yadda ake magana a gaban sarki ko alƙali, duk na ƙasar Hausa ne.

Magana Jari Ce

Ganin gwanintarsa ya sa East ya nemi a ba shi aron Imam daga Katsina. A 1936 ya zo Zariya ya zauna kamar wata shida, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam-dabam, ya rubuta Magana Jari Ce cikin juzu'i uku, wanda aka fara bugawa a 1937. Labaran da ke ciki sun haura 80. A littafi na farko aku ne yake ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labari bayan labari don ya hana shi fita daga fada ya faɗa tarkon Waziri. A na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana.

A nan batun aro ya fi ƙarfi, kuma babu amfanin musunsa. Dabarar sa aku ya riƙe mutum da labari tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa. Wasu labaran daga Alfu Laila suke, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tattara. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne, aikin da aka ba Imam ke nan tun farko, kuma da saninsa da na East aka yi. Abin aunawa shi ne yadda labarin ya koma bayan ya bi ta hannunsa. Ya canza sunaye, ya mai da dajin Turai dajin Hausa, ya zuba sarakuna da fadawa da mahauta da 'yan kamasho inda babu su a da, ya ɗaure kowane labari da karin magana. Sakamakon haka, Bahaushe ya yi shekaru yana karanta littafin bai ji baƙon abu a ciki ba, har sai da masu bincike suka bi sawu suka nuna masa tushen. Mai fassara kawai ba ya iya wannan. Har ila yau, jimlolinsa gajeru masu sauƙi su ne suka zama abin koyi ga rubutun zube na Hausa, aka yi ta koyar da su a makarantu.

Aikin Jarida da Siyasa

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ya zama editanta na Hausa na farko, ya riƙe wannan aiki fiye da shekara goma. Jaridar ta fito ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka ta zama hanyar da mutanen Arewa suke jin labarin yaƙin cikin harshensu. Ta kuma buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, abin da ya koya wa mutane da yawa rubuta ra'ayinsu.

A 1943 yana cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, ya bayyana masa damuwar matasan Arewa masu ilmin boko game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, ya zama ɗan majalisa a farkon shekarun 1950, daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Duk da waɗannan hidimomi bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafan addini da na tarihi, cikinsu har da Tarihin Annabi Kammalalle.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa cikin Turanci daga rubuce-rubucen da ya bari, Alhaji Abdurrahman Mora ne ya tsara shi. Wannan littafi ya cancanci kowane ɗalibin Hausa ya neme shi, domin yana nuna yadda Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya suka yi aiki daga ciki.

Kammalawa

Abubakar Imam ya tarar da Hausar boko ba ta da littattafan hira, ya bar ta da waɗanda har yau ake saye. Gano tushen labaransa bai rage masa komai ba, sai ma ya ba ɗalibi abin yi: ya ɗauki labari guda daga Magana Jari Ce, ya nemo asalinsa, ya jera su, ya ga abin da Imam ya zubar da abin da ya ƙara da dalilin haka. Wanda ya yi wannan ko da sau ɗaya zai fi gane gwanintarsa a kan wanda ya tsaya ga yabo ko suka daga nesa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.