Harvey Cushing, Likitan Da Ya Gano Yadda Jiki Ke Kare Ƙwaƙwalwa Idan Ta Matsu

Idan aka kawo ɗan acaɓa da ya faɗi a hanyar Kwoi zuwa Kafanchan, kansa ya bugu da kwalta, abubuwa uku ne ke tayar wa likita hankali: jini ya hau, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya rikice. Haɗuwarsu na nufin ƙwaƙwalwa ta matsu a cikin ƙoƙon kai, lokaci kuma ya kusa ƙurewa. A littattafan likitanci, da sunan Harvey Cushing ake kiran waɗannan alamu.

An haife shi ranar 8 ga Afrilu, 1869, a birnin Cleveland na Amurka. Shi ne auta cikin 'ya'ya goma, mahaifinsa da kakansa duk likitoci ne. Ya yi karatu a jami'ar Yale, ya kammala likitanci a Harvard a 1895, sannan ya ƙware a tiyata a asibitin Johns Hopkins a hannun William Halsted.

A 1900 ya tafi Turai ƙaro ilimi, ya sauka a birnin Bern wajen mashahurin likita Theodor Kocher. Tun 1783 Alexander Monro na Edinburgh ya bayyana cewa ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗawa, saboda haka duk abin da ya ƙaru a ciki sai ya matse saura. Cushing ya so ya ga abin da jiki ke yi a wannan hali. Ya riƙa ɗura ruwan gishiri a ƙoƙon kan karnuka yana auna jininsu, sai ya tarar duk sa'ad da matsin ya kusa tsayar da jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa, jiki yakan ɗaga ƙarfin jini ya ɗara matsin kaɗan, don kada ta rasa abincinta. Ya wallafa sakamakon a 1901.

Abin da ya sa darasin kare ya amfani ɗan Adam shi ne, dabbobi masu shayarwa tsarinsu ɗaya ne a nan: ƙwaƙwalwa da jini da ruwan da take iyo a ciki suna raba ɗaki guda. Sai dai kowace halitta da irin tanadinta. Raƙumin dawa, irin wanda ya rage a yankin Kure na Nijar, ƙarfin jininsa ya kai kusan ninki biyu na mutum, amma yakan sunkuya ya sha ruwa lafiya, domin jijiyoyin wuyansa na da marafai da ke hana jini kwarara baya zuwa kai.

Da ya koma gida, ya tafi da na'urar awon jini da ya gani a Italiya, ya sa ana auna majinyata ana cikin tiyata. A asibitin Peter Bent Brigham na Boston ya yi mafi yawan aikinsa. Zuwa 1931 ya yi wa mutum 2,000 aikin ƙari a ƙwaƙwalwa, ya kuma rage mace-macen wannan aiki zuwa ƙasa da kashi 10 cikin 100. Ya rasu ranar 7 ga Oktoba, 1939.

Fannin da ya kafa ya kankama a Nijeriya a 1962, lokacin da Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan. Har yau majinyacin Kudancin Kaduna mai buƙatar wannan aiki yawanci sai an kai shi Jos, Zariya ko Abuja, alamun Cushing kuwa a makare suke bayyana. Don haka wanda ya bugu a kai, ya shiga amai, matsanancin ciwon kai ko magagi, a garzaya da shi asibiti tun jininsa bai hau ba.