Edward Long, mai bayin da ya rubuta tarihin Jamaika

An haifi Edward Long a yankin Cornwall na Ingila a 1734. A 1757 ya tafi Jamaika, tsibirin da Ingila ta ƙwace daga hannun Sifaniya a 1655, inda danginsa ke da gonakin rake da bayi. Ya yi alƙalanci, ya zauna a majalisar tsibirin, sannan ya koma gida a 1769.

A 1774 ya fitar da The History of Jamaica, mujalladi uku. Ya tattara bayanai kan yanayi da tsirrai da dokoki da cinikin sukari, har da boren bayi na 1760 da Tacky ya jagoranta, wanda akasarin masu yinsa daga ƙasar da ake kira Ghana a yau aka kwaso su. Shi ya sa har yanzu masana tarihi ba sa iya tsallake littafin, duk da cin mutuncin baƙar fata da ke cikinsa, inda ya kai ga kwatanta su da birai.

Akwai Francis Williams, wani masani baƙar fata ɗan tsibirin, mai rubuta waƙa da harshen Latin. Long ya buga waƙarsa cikin littafin don kawai ya kushe ta. Sai ga shi ta nan ne waƙar ta tsira har ta iso yau.

Long ya mutu a 1813.