Edsger Dijkstra: Masanin da ya koya wa kwamfuta bin layi

Ranar 14 ga Agusta, 2003, wutar lantarki ta ɗauke wa kimanin mutum miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada. Cikin musabbaban da bincike ya gano har da kuskure a manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin sa ido: ayyuka biyu sun yi rige-rigen taɓa bayani guda, manhajar ta sandare, ba ta gargaɗi kowa ba. Shekara guda kafin nan, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana jan kunne kan irin wannan haɗari ya riga mu gidan gaskiya.

An haifi Edsger Dijkstra a Rotterdam ta ƙasar Holan ranar 11 ga Mayu, 1930. Ya karanci fiziks a Jami'ar Leiden, kuma a 1952 ya kama aikin rubuta manhaja a Cibiyar Lissafi ta Amsterdam. Sana'ar sabuwa ce fil, har hukuma ta ƙi rubuta ta a takardar aurensa a 1957.

A 1960 shi da Jaap Zonneveld suka kammala manhajar farko mai fassara wa na'ura harshen ALGOL 60. Harshen ya ba aiki damar kiran kansa da kansa, Dijkstra kuma ya bayyana yadda za a riƙa jibge bayanin kowane kira a kan na baya, tamkar tarin faranti. Amfanin dabarar babba ne, haka ma haɗarinta: idan ba a sa wa kiran iyaka ba, tarin zai cika ya tumbatsa. A manhajar da ke tafiyar da ayyuka da yawa lokaci guda, tumbatsar tarin aiki ɗaya na iya durƙusar da sauran baki ɗaya.

Bayan ya zama farfesa a Eindhoven a 1962, ya mayar da hankali kan yadda ayyuka za su yi tarayya a na'ura ɗaya ba tare da karo ba. Ya ƙirƙiro wata alama mai kama da ta ba da hannu a layin dogo, wadda ke tsayar da aiki har sai wanda ke ciki ya fito. Ya kuma fayyace yadda ayyuka kan yi cirko-cirko, kowanne riƙe da abin da ɗan'uwansa ke jira. A 1974 ya nuna cewa ana iya tsara na'urori su dawo kan hanya da kansu bayan sun rikice.

Ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1972, ya koma Jami'ar Texas a 1984, ya kuma bar rubuce-rubuce sama da 1,300, da yawa daga ciki da alƙalami ya rubuta su. Bai iya ɓoye ra'ayinsa ba, abin da ya jawo masa masu suka. Matsayarsa ita ce gwaji na iya fallasa kuskure, amma ba ya tabbatar da cewa babu shi. Hujjar lissafi ce kaɗai ke yin hakan.

Cutar kansa ce ta yi ajalinsa a garin Nuenen ranar 6 ga Agusta, 2002. A yau da kuɗin jama'a, jinyarsu da ƙuri'unsu ke bi ta cikin manhaja, duk hukumar da ta ce tangarɗar na'ura ce ta jawo matsala, haƙƙin 'yan ƙasa ne su tambaye ta wa ya tabbatar da ingancin manhajar, kuma da wace hujja.