JONATAN SUWIFT: MARUBUCIN DA YA YI YAƘI DA HABAICI

Ya kai mai karatu, a wannan fitowar za mu kawo maka tarihin wani fasihi daga cikin marubutan harshen Ingilishi, wanda ya shahara a fannin da Larabawa ke kira hija'i, mu kuma muke ce masa zambo ko habaici. Sunansa Jonatan Suwift.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haife shi a birnin Dabilin ta ƙasar Ailan ranar 30 ga Nuwamba, 1667, wato shekara 7 bayan an mayar da Sarki Calis na Biyu kan gadon sarautar Ingila. Maraya ya taso, domin mahaifinsa ya mutu tun yana ciki. Baffansa ne ya ɗauki nauyin karatunsa har ya sami digiri a Kwalejin Tiriniti ta Dabilin a 1686. A 1689 ya tafi Ingila ya zama magatakardan wani babban mutum, Sa Wiliyam Tamful, inda ya sami littattafai birjik ya duƙufa kansu. A 1695 aka naɗa shi limamin coci.

Ya zauna Landan yana yi wa jam'iyyar Tori rubutu, yana fatan samun babban muƙami a Ingila. Sai ga shi a 1713 an ba shi shugabancin limaman babban cocin Sent Fatirik da ke Dabilin. Da Sarauniya Ana ta mutu a 1714 jam'iyyarsa ta faɗi, sai ya koma Ailan ransa ba daɗi. Amma ka san wani hanin ga alheri ne: a can ne ya rubuta abubuwan da suka ɗaukaka sunansa.

YADDA YA KARE TALAKAWA

A wancan zamani Ailan tana ƙarƙashin Ingila, talauci kuwa ya yi wa mutanenta katutu. Gwamnatin Landan ta ba wani attajiri, Wiliyam Wud, izinin buga musu kwabban jan ƙarfe, mutane kuwa suka ji tsoron kuɗin ba su da daraja. A 1724 Suwift ya shiga rubuta wasiƙu da sunan wai shi ɗan tireda ne mai sayar da yadi, yana kiran jama'a kada su karɓi kwabban. Hukuma ta sa ladan fam 300 ga duk wanda ya tona marubucin. Mutane da yawa sun san ko wane ne, amma ba wanda ya fito ya ba da shaida. A 1725 dole aka janye izinin.

A 1729 ya fitar da wata 'yar ƙasida mai tayar da tsikar jiki. Ya sa wani mai lissafi yana ba da shawara cikin natsuwa, wai maganin talauci shi ne matalauta su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu a yi abinci. Kada ka ɗauka da gaske yake, ɗan'uwa. Nufinsa shi ne masu gonaki da mahukunta sun riga sun cinye iyayen da zalunci, saura 'ya'yan kawai. Wanda bai san habaici ba sai ya zagi marubucin ya bar azzalumin.

LITTAFIN GULIBA

Mafi shahara cikin littattafansa shi ne Tafiye-tafiyen Guliba, wanda ya fito a 1726. Labarin wani likitan jirgin ruwa ne da ya faɗa ƙasar mutane masu tsawon inci 6. Duk ƙanƙantarsu suna ta yaƙi a kan ta wane gefe ya kamata a fasa ƙwai, ta ƙaramin kai ko ta babban. Da wannan yake zolayar rigingimun ɗariƙu da na siyasa a ƙasarsa. Daga nan Guliba ya je ƙasar ƙattai waɗanda suka ninka shi sau 12, sarkinsu ya ji labarin yaƙe-yaƙen Turai ya yi tir. A ƙarshe ya isa inda dawaki ne masu hankali, masu siffar mutane kuwa su ne dabbobi. Yara suna karanta shi kamar tatsuniya, alhali kuwa manya aka nufa.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Tun yana saurayi yake fama da jiri da ciwon kunne. Da tsufa ya zo hankalinsa ya raunana, har a 1742 aka naɗa masu kula da al'amuransa. Ya mutu ranar 19 ga Oktoba, 1745, yana da shekara 77, aka binne shi a cocin da ya shugabanta. Ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa a gina asibitin masu taɓin hankali a Dabilin, aka kuwa buɗe shi a 1757.

To, ɗalibi mai son riƙe alƙalami, ka lura da inda wannan mutum ya nufa da kaifin harshensa. Masu iko da masu girman kai ya sara, talaka kuwa ya tsaya masa da alƙalami da aljihu. Kafin ka yi wa wani habaici, tambayi kanka wa zai amfana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.