Muhammadu Bashar: Wamban Daura da ya bar kujerar minista ya hau gadon sarauta

Matasan Daura da dama sun san marigayi Alhaji Muhammadu Bashar a matsayin sarkin da ya shafe kusan shekara 41 a kan karaga, daga 1966 zuwa rasuwarsa a watan Fabrairun 2007. Kafin nan kuwa ɗan siyasa ne, kuma ɗaya daga cikin ministocin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello.

An haife shi a 1926, ɗan gidan sarautar Daura ne, a zamanin Sarki Abdurrahman. Ya taso lokacin da En'e ce komai a masarauta: ita ke karɓar haraji, ita ke riƙe da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari, ita kuma ke gina makarantun elemantare tana biyan malamai. Yaran da suka samu karatun boko a lokacin ba su da yawa, kuma galibinsu En'e ce ke ɗaukar su aiki. Daga cikin irin waɗannan ma'aikata jam'iyyar NPC ta samo yawancin 'yan takararta, har da Bashar, wanda ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa da ke Kaduna a shekarun 1950.

Zaɓen wancan lokaci ya sha bamban da na yau. A 1951 ba kai-tsaye ake zaɓar wakili ba. Masu biyan haraji a ƙauye su zaɓi wasu, waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu, har a kai matakin lardi, inda En'e ke da damar cusa nata mutanen cikin masu zaɓen ƙarshe. Shi ya sa NEPU ta yi nasara a matakan farko a birnin Kano amma ta tashi babu kujera ko ɗaya. Ko da aka koma jefa ƙuri'a kai-tsaye a zaɓen tarayya na 1959 da na Jihar Arewa na 1961, maza kaɗai ke zaɓe. Matan Arewa sai a shekarun 1970 suka samu wannan 'yanci.

Saboda haka, duk mai son auna nasarorin 'yan majalisar wancan zamani da ma'aunin yau zai yi kuskure. Ɗan takarar da ke da fada a bayansa ya riga ya ci rabin zaɓe tun kafin a buɗe akwati. Sai dai goyon bayan fada kaɗai ba ya kai mutum kujerar minista, domin kusan kowane ɗan majalisar NPC yana da irinsa. Bashar, yana riƙe da sarautar Wamban Daura, ya kai ga zama Ministan Tsara Tattalin Arziki na Jihar Arewa.

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya kashe Sardauna, ya rushe majalisa da jam'iyyu. A cikin shekarar kuma Sarki Abdurrahman ya rasu bayan sama da shekara hamsin yana mulki, aka naɗa Bashar.

Sarautar da ya gada ba ta daɗe da ƙarfinta na da ba. Cikin 'yan shekaru gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e baki ɗaya, a shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, makarantun suka fita daga hannun fada. Ya ga an saka Daura a Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda ta koma Jihar Kaduna, sannan Jihar Katsina a 1987. Ƙasar da sarki ɗaya ke gudanarwa a da, yau ƙananan hukumomi biyar ne: Daura, Baure, Zango, Mai'adua da Sandamu.

Alhaji Umar Faruk Umar ne ya gaje shi a matsayin sarki na 60.