TARIHIN MAZAN JIYA: AJAYI, BAWAN DA YA ZAMA LIMAMIN KIRISTA A BAKIN KWARA

A wagga fitowa mun ɗauko labarin wani mutum wanda ba ɗan ƙasarmu ba ne, kuma addininshi ba na mafi yawanmu ba ne. Sunanshi Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, fasto na cocin Anglika. Ya yi aikinshi bisa ruwan Kwara, wanda ke ratsa Yamai da Gaya kafin shi gangara Najeriya. Wasu za su ce, mi ya kai mu tarihin fasto? Amsa ita ce: mutumen ga an raba shi da gida tun shina yaro, ya yi rayuwarshi cikin tafiye-tafiye, amma ya riƙe iyali ya tarbiyyantar da ɗiya shida. Wanda duk ya bar mata da ɗiya a ƙauye ya tafi nema Ikko ko Abijan ya san nauyin wanga al'amari.

DAGA BAUTA ZUWA LAKWAL

An haifi Ajayi wajen 1809 a garin Osogun, ƙasar Yarbawa. Cikin 1821 mahara sunka faɗa wa garin, cikinsu da Fulani da Yarbawan Oyo musulmi. Anka kama shi tare da uwarshi da ƙannenshi mata, ba da jimawa ba anka rarraba su. An taɓa musayar shi da doki, an sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa hannun ƴan Fotugal a Ikko. Ran 7 ga Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila sunka tare jirgin da ke ɗauke da shi, sunka sauke bayin a Saliyo.

Can ya shiga lakwal ta mishan. Cikin wata shida ya iya karatu, ya koyi kafinta kuma. Ran 11 ga Disamba 1825 anka yi mishi baftisma. A 1827 shi ne ɗalibi na farko da anka rubuta a kwalejin Fourah Bay. A 1829 ya auri Asano, wadda anka raɗa wa suna Susan, ita ma ƴantacciyar baiwa ce mai koyarwa. Sun yi zaman aure shekara hamsin da ɗoriya, har rasuwarta a 1880.

Sama da shekara goma Ajayi ya yi shina aikin mushen lakwal. A lokacin ne ya yi wani kuskure da shi da kanshi ya ba da labarinshi daga baya. Wani yaro ɗan musulmi ya zo aji da laya, Ajayi ya tsinke ta. Uban yaro ya zo da fushi, magana ta kai ga muhawara da dattawan musulmi. Ajayi ya je da littattafanshi a shirye, anka watse ba wanda ya sauya ra'ayi, sai ɓacin rai. Darasin ga bai bar shi ba har tsufa: gardama ba ta jawo zuciya.

YA GA UWARSHI BAYAN SHEKARA 25

A 1841 Ingila ta aiko jirage uku su hau Kwara, anka sa Ajayi ciki tare da wani fasto Bajamushe, Schön. Zazzaɓi ya kashe Turawa sama da 40, tafiya ta watse. Daga nan shugabannin mishan sunka gane aikin ƙasar ga sai ɗan ƙasa. Schön ɗin nan shi ne ya duƙufa kan Hausa, daga baya ya rubuta labaran Dorugu, yaron nan ɗan wajen Kance ta Damagaram da Barth ya kai Ingila.

Anka kira Ajayi Landan, anka naɗa shi fasto a 1843. A 1846 ya isa Abekuta da iyalinshi. Bai yi wata guda ba sai ga labari, uwarshi Afala na da rai a wani gari kusa. Sunka gamu bayan shekara 25. Ya fanshi wasu danginshi daga bauta, ya ɗauki tsohuwa ya riƙe. A 1848 ta karɓi baftisma da sunan Hannatu, ta yi tsawon rai ƙwarai, har ta ga ɗanta ya zama bishop.

AIKIN YAU DA KULLUM

In an ce fasto, wasu na zaton aikinshi na Lahadi ne kaɗai. Na Ajayi ba haka shike ba. A Abekuta kafin a gina majami'a, ƙarƙashin itace da bakin kasuwa shike wa'azi, cikin Yarbanci. Sauran kwanaki akwai lakwal, akwai ajin masu shirin baftisma, akwai gaida marasa lafiya, akwai zuwa fada in an tsananta wa sabbin mabiya. Ya ƙarfafa wa mutane noman auduga da gurzarta, don a ganinshi cinikin bayi ba shi mutuwa sai an samu wata sana'a da za ta maye gurbinshi.

Abin da ya fi cin lokacinshi shi ne harshe. Shikan zauna da tsofaffi da bokaye da ƴan kasuwa shina saurare, in ya ji kalma ko karin magana shi rubuta. A 1843 ya fitar da littafin kalmomin Yarbanci. A 1850 anka buga kashi na farko na Littafi Mai Tsarki da ya fassara, aikin bai kammala ba sai cikin shekarun 1880, da taimakon wasu. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidanshi na Ikko tare da takardun da ya yi shekaru shina tarawa. Ya koma ya fara daga tushe. Fastocin da ke ƙarƙashinshi kuwa shikan gargaɗe su da su yi wa'azi da magana mai sauƙi, su yi amfani da karin maganar mutane, kada su rena al'adar da ba ta da laifi.

Mu da munka yi karatu cikin Faransanci, muna kuma koyarwa da shi, wanga wuri ya taɓa mu. Mutumen ga ya iya Ingilishi har ya zanta da Sarauniya Biktoriya a 1851, amma bai ɗauki harshen uwarshi abin kunya ba.

BISA RUWAN KWARA

A 1854 ya sake hawa kogi tare da likita Baikie, sunka shiga Binuwai. Wannan karo an sha kinin, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa mishan a Anaca, ya bar fasto Taylor, wanda iyayenshi Ibo ne. Shekaran nan jirginsu ya bugi dutse kusa da Jaba ya nutse. Maimakon zaman jira, Ajayi ya shiga koyon Nufanci, ya fitar da littafin koyon karatunshi a 1860. Ran 29 ga Yuni 1864, a babban cocin Kantabari, anka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko a cocin Anglika.

Zamanshi da sarakunan musulmi abin lura ne. Shikan kai gaisuwa Bida wurin Etsu Masaba, shi ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci ga masu karatu. A 1872 a fadar Ilori anka yi mishi tambayoyi kan addininshi gaban malamai. Bai zagi kowa ba, ya buɗe littafinshi ya karanta abin da ke ciki, anka rabu lafiya. Cikin shekarun 1880 Etsu Maliki na Bida ya rubuta mishi wasiƙa da Hausa, shina roƙon shi kai kuka Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarki musulmi bai aika wa fasto irin wagga wasiƙa sai ya yarda da amanarshi.

GIDA DA ƊIYA

Ajayi da Asano sun haifi ɗiya shida, maza uku mata uku. Mutumen da anka taɓa musayarshi da doki bai yarda ko ɗaya shi tashi ba ilimi ba, mace ko namiji. Babban, Samuel, ya koyi aikin likita a Landan, ya komo shina ba da magani a Abekuta. Josiah ya koyi aikin auduga a Ingila, ya zama ɗan kasuwa. Abigail ta auri fasto Thomas Babington Macaulay, wanda ya buɗe makarantar sakandare ta mishan a Ikko a 1859. Ɗansu Herbert Macaulay, haihuwar 1864, shi ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya a 1923, ya rasu a 1946 bayan ciwo ya kama shi a Kano shina rangadin neman ƴanci.

Ɗan auta cikin maza, Dandeson, haihuwar 1844, shi ya bi sawun uba. Ajayi bai tarbiyyantar da shi daga nesa ba, ya sa shi cikin jirgi shina yi mishi aikin magatakarda. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama su su biyu kusa da Ida, ya tsare su kwanaki shina neman kuɗin fansa masu yawa. Wakilin Ingila na Lakwaja, Fell, ya zo ya kuɓutar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi ya mutu. Yaron da ya ga wannan da idonshi bai gudu daga aikin ba. A 1870 uban ya naɗa shi fasto da hannunshi, ya kama aiki a Boni, bakin teku.

INDA ABIN YA YI TSAMI

Ba mu ɓoye aibi. Bishop na zaune Ikko, tashoshin mishan na warwatse daga Boni har Lakwaja. Shekaru da yawa ba shi da jirgin kanshi, sai in ruwa ya cika shi bi na ƴan kasuwa, sau ɗaya a shekara. Albashin ma'aikata kaɗan ne, wasu sunka shiga ciniki, wasu sunka lalace. A Anaca wasu ma'aikata biyu sun doki wata yarinya har ta mutu, anka hukunta su a Saliyo. Ɗiyanshi da surukanshi ma na cikin cinikin kogi, abin da ya ba masu suka bakin magana cewa an gama aikin Allah da na dangi. Shi kanshi ba a taɓa kama shi da cin amana ba, amma shina da taushin hali, ba shi son korar mutum.

Sannan zamani ya juya. Turawa sun fara rabon Afirka, ba su son ganin baƙar fata bisa kujera. Wasu samarin ƴan mishan sunka zo daga Ingila da zafin kai. A taron Anaca na Agusta 1890 sunka dakatar da fastocin da bishop ya naɗa, har da Dandeson, a gaban idon uban, tsoho mai shekara tamanin. Ya sauka daga shugabancin kwamitin. Shanyewar jiki ta same shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Anka ba Bature kujerarshi.

Dandeson bai watse ba. A 1892 ya jagoranci majami'un bakin teku sunka tsaya da ƙafafunsu, suna biyan fastocinsu da kuɗinsu. Ya riƙe aikin har tsufa, ya rasu a 1938. A 2014, shekara 150 da naɗin Ajayi, shugaban cocin Anglika na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a Kantabari ya nemi gafara kan wulakancin da anka yi wa tsohon.

ABIN DA MUNKA ƊAUKA

Ƴan'uwa, ikon bishop an karɓe shi cikin taro guda. Littattafan da ya rubuta cikin harsunan mutane da ɗiyan da ya tarbiyyantar, su ba wanda ya iya karɓewa. Mun ga kuma inda ya yi rauni: abin da duk mutum ke dubawa sau ɗaya a shekara, ko gona ne ko ma'aikata ko gida, sai ya tarar da ciyawa ta rufe shi.

To, mu mu duba namu. Da yawa cikinmu sai damina ke maido mu gida, wasu ma sai an shekara biyu. Kuɗin da aka aikowa na sayen hatsi, amma ba su tambayar yaro abin da ya karanta. Muna roƙon masu tafiya, kafin ku ɗauki jaka ku je ku ga mushe da malamin allo, ku damƙa yaro hannun wani tsayayye cikin dangi, in kun aiko saƙo ku tambayi karatu kamar yadda kuke tambayar gero. Ɗiya mata ma kada a cire su. Dattawan gida kuma, riƙon ɗiyan matafiya amana ce a wuyanku.

Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su lafiya, shi shirya mana zuri'a. Haza wassalam, sai fitowa ta gaba.